Masu Sayen Kango a Kasuwar Manhaja

A watan Mayun 2013 kamfanin Adobe ya fitar da sanarwar da ta ɓata wa masu zane da masu ɗaukar hoto rai a faɗin duniya: ya daina fitar da sabon Photoshop da mutum zai saya sau ɗaya ya zama nasa. Mai son sabo sai ya riƙa biya kowane wata, ranar da ya daina biya kuma a rufe masa ƙofa. An yi ta ƙorafi, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, Adobe ya toshe kunnensa. A waccan shekara kuɗin da ya shigo masa dala biliyan 4 ne da 'yan kai. A 2024 ya haura biliyan 21.

Ba shi ya share wannan hanya ba. Tun 1999 Marc Benioff da abokansa suka kafa Salesforce a San Faransisko bisa tunanin cewa kamfanoni su daina sayen faifai suna ɗorawa a kwamfutocinsu, su riƙa shiga ta intanet suna biyan haya. Microsoft ya bi sahu da Office 365 a 2011. Amma labarin ya fi armashi a ƙasa, wurin mutum ɗaya da kwamfutarsa a ɗaki, wanda ya zauna ya buga lissafi: kwastoma 200, kowanne na biyan dala 20 a wata, dala 4,000 ke nan duk wata, ba shago, ba sito, ba kuɗin mota. Wannan lissafi ya hana matasa da yawa barci daga Bangalo zuwa Legas.

Lissafin da daɗin faɗa. Wahalar tana tsakanin ranar da tunani ya zo da ranar da kuɗin farko ya shigo. A ɗauki matashin da ya ƙudura rubuta manhajar da makarantun kuɗi za su riƙa haɗa sakamakon jarrabawa da ita. Abin da ya sani, kuma yake ɗokin yi, shi ne yadda malami zai shigar da maki, manhaja ta tara, ta fitar da na ɗaya da na biyu, ta buga katin sakamako mai tambarin makaranta. Sai dai kafin ya kai nan dole ya gina ƙofar shiga: rajista, kalmar sirri, hanyar sabunta ta ga wanda ya manta, imel ɗin tabbatarwa. Dole ya bambanta ikon shugaban makaranta da na malamin aji. Dole ya ja katanga yadda wannan makaranta ba za ta taɓa ganin ɗaliban waccan ba, ko da bisa kuskure. Sannan ga karɓar kuɗi, ga rasit, ga shafin talla, ga wurin da shi kansa zai leƙa ya ga wa ya biya wa bai biya ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai sa wani hedimasta ya ce a ba shi manhajar, amma idan ɗaya ya yi giɓi, ciniki bai fara ba. Makonni sukan tafi a nan, wani lokaci watanni, kuma da yawa a nan zuciyarsu ke mutuwa.

A wannan giɓi ne kasuwar shiryayyen harsashi ta kafu. Wani ƙwararre ne zai zauna ya rubuta duk waɗannan abubuwa masu gundura sau ɗaya, ya gwada su, sannan ya riƙa sayar da kwafin kod ɗin ga duk mai so. Mai saye yakan biya, a buɗe masa ma'ajiyar kod ɗin a GitHub, ya kwafo zuwa kwamfutarsa, ya sa sunan kamfaninsa da makullansa na sirri, kafin la'asar yana da shafin da ake rajista ana biyan kuɗi. Abin ya yi kama da sayen kangon da ya kai linta. An tsallake haƙa, an tsallake dakon bulo, amma an gaji inda mai ginin farko ya ga damar sa bayan gida, an kuma gaji ingancin simintin da ya zuba a ƙasa, wanda ido ba ya gani.

Dabarar ta girmi kasuwar. A 2003, a ofishin wata jarida mai suna Lawrence Journal-World a jihar Kansas ta Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison sun gaji da sake rubuta abu ɗaya duk lokacin da editoci suka buƙaci sabon shafi cikin gaggawa. Suka tattara abubuwan da ke maimaituwa wuri guda, aka sake shi kyauta a 2005 da sunan Django. Shekara guda kafin nan, David Heinemeier Hansson ɗan ƙasar Denmak ya ɓanɓaro Ruby on Rails daga cikin Basecamp, manhajar biyan wata-wata da yake rubuta wa kamfanin da yake wa aiki. Taylor Otwell ya fito da Laravel a 2011, kamfanin da yanzu ake kira Vercel kuma ya fito da Next.js a 2016. Waɗannan duk kayan gini ne na gama-gari, ba ruwansu da ko mutum jarida zai gina ko banki.

Shiryayyen harsashi mataki ne a kan waɗannan. Otwell na cikin waɗanda suka fara gane akwai kuɗi a wurin: a 2016 ya fara sayar da Laravel Spark, wanda ya zo da rajista da ƙungiyoyin masu amfani da tsarin biyan wata-wata a haɗe. Masu Rails suka samu Bullet Train na Andrew Culver da Jumpstart Pro na Chris Oliver. Cory Zue, Ba'amurke mazaunin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, ya fara ne da 'yar ƙaramar manhajar buga katin sunayen baƙi na teburin biki, da ya lura kowane sabon aiki sai ya sake gina ƙofa iri ɗaya, sai ya mai da ƙofar haja ya fitar da SaaS Pegasus ga masu Django a 2019. Wanda ya fi yin amo a 'yan shekarun nan shi ne Bafaranshen nan Marc Lou, wanda ya saki ShipFast a 2023 a kan Next.js, a farashin da ke kewayen dala 200. Da yake yana wallafa kuɗin da yake samu a fili, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, sai masu kwaikwayo suka yi caa, har ta kai ana wasa da cewa masu sayar da harsashi sun kusa fin masu gini yawa. Akwai kuma na kyauta, irin su Open SaaS na kamfanin Wasp da waɗanda Laravel da Vercel ke rabawa da kansu.

Wani abu da ya kamata mai saye ya lura da shi: yawancin masu sayar da kayan kafa kasuwancin wata-wata su kansu ba wata-wata suke karɓa ba. Sau ɗaya ake biyansu. Ke nan abincinsu yana wurin sabon mai saye, ba wurin wanda ya saya bara ba, alhali na bara shi ne mai buƙatar gyara. Masu mutunci a cikinsu suna ci gaba da gyaran shekara da shekaru. Wasu kuwa da ciniki ya ja baya sai su koma wata harkar, ma'ajiyar ta yi ƙura.

Duk wanda yake son sanin ko harsashi ya ci kuɗinsa, ya leƙa ɓangaren karɓar kuɗi, don a nan aikin gaske yake. Karɓar kuɗi sau ɗaya ba wuya: kwastoma ya sa lambar kati, kamfanin biyan kuɗi irin su Stripe ya cira, shi ke nan. Biyan wata-wata kuwa wata duniya ce, domin cira ta biyu da ta uku suna faruwa ne lokacin da kwastoma ba ya gaban kwamfuta, ƙila ma yana barci. Kamfanin biyan kuɗin ne ke cira da kansa, sannan ya aiko wa manhaja ɗan gajeren saƙo ta bayan fage: wane ya biya, katin wane ya ƙi, wance ta soke. Da wannan saƙo kaɗai manhajar ke sanin wanda za ta bari ya shiga da wanda za ta tare.

To idan saƙon ya iso a daidai lokacin da sabar ta faɗi fa? Stripe yakan yi ta sake turowa har kwana uku. Ke nan saƙo ɗaya yana iya zuwa sau biyu, kuma kamfanin da kansa yana gargaɗin cewa ba lallai saƙonnin su zo a jere ba, labarin an biya yana iya riga labarin an buɗe rajista isowa. Manhajar da ba a yi mata tanadin wannan ba, za ta ba mutum wata biyu a kuɗin wata ɗaya, ko ta kulle wanda ya biya da safe, ya kira da rana yana zage-zage. Dole kuma ta tantance sa hannun sirri da ke jikin kowane saƙo, in ba haka ba duk ɗan damfarar da ya gano adireshin zai turo nasa na ƙarya ya ce ya biya. Ga wanda ya koma babban tsari ranar 12 ga wata, sai an lissafa masa ragowar kwanaki an cire daga sabon kuɗi. Ga wanda wa'adin katinsa ya ƙare, sai a sake gwadawa, a tura masa tunatarwa, a ba shi 'yan kwanakin alfarma kafin a rufe. Ga wanda ya soke yau alhali ya biya har ƙarshen wata, shi ma haƙƙinsa ne ya ci gaba da shiga har ranar.

Har da ƙananan abubuwa masu ban haushi. Stripe ba ya karɓar farashi da dala sai da senti, dala 20 ana rubuta ta 2000. Takwaransa Paystack na Najeriya ma da kwabo yake lissafi, naira 5,000 ita ce 500000. Amma a tsarin Stripe yen na Japan da sefa ba su da ƙananan kuɗi, don haka kod ɗin da aka koya wa ninka kowane farashi sau 100 zai caji mutum ninki ɗari na abin da aka rubuta a shafi. Wanda ya taɓa faɗawa waɗannan ramuka ya cike su a harsashinsa, shi ne yake sayar da abin da ya cancanci a biya. Sauran duk fenti ne.

Ƙofar shiga ma haka take. A 2012 aka saci kalmomin sirrin masu amfani da LinkedIn, aka watsa kimanin miliyan 6 da rabi a intanet, sai a 2016 ta bayyana cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. Kamfanin ya adana su ne da wata hanyar ɓoyewa mai rauni, alhali bcrypt, wadda aka ƙirƙira musamman domin wannan aiki, tana nan tun 1999. Idan babban kamfani mai ɗaruruwan injiniyoyi zai yi wannan tuntuɓe, ɗan koyo da ya ce shi zai rubuta tasa ƙofar daga tushe yana wasa da amanar mutane. A nan mai goyon bayan harsashi yana da gaskiya ɗari bisa ɗari.

Inda gardama take shi ne abin da ke biyo baya. Mai harsashi ya riga ya yanke shawarwari masu yawa a madadin mai saye: wane rumbun bayanai, wane kamfanin tura imel, wane mai tsaron ƙofa, wace sabar. Kowannensu yana da ɗan tsarin kyauta na jan ra'ayi, kowanne kuma yana da ranar da zai fara caji da dala. Wasu ma kyautar sukan janye gaba ɗaya, kamar yadda Heroku ya yi a Nuwamban 2022, ya bar ɗimbin ƙananan ayyuka suna neman mafaka. Kuma ƙasar da aka yi ginin a kai ba ta tsaya wuri ɗaya. A Oktoban 2022 Next.js ya kawo sabon tsarin shirya shafuka wanda ya sha bamban da na da, masu harsashi suka sake rubuta nasu kusan daga farko, waɗanda suka riga suka gina a kan tsohon kuma suka tsaya a tsakiya. Create React App, wanda Facebook ya fitar a 2016 kuma miliyoyin ayyuka suka fara da shi, a Fabrairun 2025 masu kula da shi suka sanar cewa an yi masa ritaya.

Sabuntawa kuwa ba danna maɓalli ba ce. Daga ranar da mai saye ya fara sauya fayiloli don su dace da aikinsa, kwafinsa ya fara rabuwa da na asali. Bayan wata shida, idan mai harsashi ya fitar da gyara, sai an zauna an bi layi-layi ana sasanta nasa da na mai saye. Da yawa sukan gwada sau ɗaya su haƙura. Daga nan kod ɗin ya zama nasu kacokan, har da dubban layukan da ba su taɓa karantawa ba.

Hatsarin hakan ya fito fili a Maris ɗin 2025, lokacin da aka bayyana wata ɓaraka a Next.js. Masu gini da yawa suna sa mai gadinsu ne a wani zaure da kowace buƙata ke bi kafin ta isa shafi, a nan ake duba ko mutum ya yi rajista. Sai aka gano cewa wanda ya liƙa wani ɗan rubutu na musamman a kan buƙatarsa zai iya sa tsarin ya tsallake zauren gaba ɗaya, ya wuce ciki ba tambaya. An fitar da gyara, waɗanda ke zaune a sabar Vercel ma abin bai taɓa su ba. Amma wanda ya ɗora a tasa sabar, kuma bai san harsashinsa a wannan zaure kaɗai ya dogara ba, ƙofarsa a buɗe ta kwana har ranar da ya ji labari. Ko kafin wannan, a Maris ɗin 2016, wani mai rubuta manhaja ya yi fushi ya janye wata 'yar ƙaramar manhajarsa mai layi 11 da ake kira left-pad daga rumbun npm, nan take dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa, saboda sun dogara da ita ba su ma sani ba. Harsashin zamani ɗaya yakan jawo ɗaruruwan irin waɗannan ƙananan manhajoji a bayansa.

Ga matashin da ke Kano ko Kaduna akwai ƙarin magana, kuma ita ce mafi nauyi. Kusan duk sanannun harsasan nan an ɗinka su ne a jikin Stripe, kamfanin da 'yan uwan nan biyu 'yan ƙasar Ayaland, Patrick da John Collison, suka kafa a 2010. Stripe kuwa ba ya buɗe wa kasuwancin da ke Najeriya asusu kai tsaye. Hanyarsa ta shigowa ita ce Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, Stripe ya saye shi a Oktoban 2020 a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Sai dai gida ɗaya ba ya nufin harshe ɗaya. Yadda ake magana da Paystack daban, sunayen saƙonninsa daban, yadda ake tantance sa hannunsa daban. Ke nan ɓangaren da ya fi kowanne daraja a cikin abin da aka saya da dala, shi ne wanda ɗan Najeriya zai fara tumɓukewa ya sake rubutawa da hannunsa. Mai son sayar wa Turai da Amurka yana iya bi ta Stripe Atlas, ya biya dala 500 a yi masa rajistar kamfani a jihar Delawaya, amma daga nan ya ɗauki ɗawainiyar takardun haraji na Amurka duk shekara, ko ya yi ciniki ko bai yi ba.

Ko an sauya kamfanin biyan kuɗin, ɗabi'ar kwastoma ba ta sauya ba. Harsashin ya ɗauka kowa yana da kati, yana da imel da yake dubawa, kuma ya yarda a riƙa cire masa kuɗi ba tare da an tambaye shi ba. Mai makarantar da ake son sayar wa manhaja ba haka yake ba. Shi kuɗi na shigo masa ne a farkon zango, sau uku a shekara, ba kowane wata ba. Zai yi tiransifa daga wayarsa, ya ɗauki hoton rasit ya turo ta WhatsApp, ya ce a buɗe masa yanzu-yanzu don gobe ake raba sakamako. Tiransifa kuwa ba ta cire kanta, sai mai asusu ya tura. Abin da ya dace da shi shi ne lambar asusu ta musamman da za a ba kowace makaranta, wadda Paystack da takwarorinsa suke bayarwa, da tunatarwa ta saƙon waya, da maɓallin da mai manhaja zai danna da hannu ya ƙara wa wani mako biyu saboda an san juna. Babu harsashin da aka rubuta a Bali ko Balin da ya zo da wannan. Ba Najeriya kaɗai ba ce: a Oktoban 2021, da babban bankin Indiya ya fara aiki da sabbin ƙa'idojin cire kuɗi kai tsaye daga kati, biyan wata-wata na ɗimbin mutane ya tsaya cak, har manyan kamfanonin duniya sai da suka sake shiri.

Sai farashi. A 2022 bankunan Najeriya da dama suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu daga baya suka dakatar gaba ɗaya na wani tsawon lokaci. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A wannan farashi, harsashin dala 200 ya kai naira 300,000, kafin a zo kan kuɗin sabar da na imel da ake biya da dala daga ribar da ake tarawa da naira.

Doka ma ba ta zuwa a cikin kwali. Tun 1 ga Janairun 2015 Tarayyar Turai ta ce harajin VAT na kayan intanet ana biyansa ne bisa ƙasar mai saye, abin da ya sa ƙananan 'yan kasuwa da yawa suke fakewa a bayan kamfanoni irin su Paddle da Lemon Squeezy, waɗanda ke sayarwa da sunansu su ji da haraji, su yanki kasonsu. Stripe ya sayi Lemon Squeezy a 2024. A gida kuma, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta hau kan duk wanda ke riƙe da sunaye da makin 'ya'yan mutane. Shafin sharuɗɗan sirri da ke zuwa a harsashi samfuri ne kawai, ba lauya ba ne.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo tsakani. A Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya bayyana yadda yake faɗa wa na'ura abin da yake so, ta rubuta kod, shi kuma ya karɓa ba tare da ya karanta ba. Mutane suka riƙe wannan rabin, suka manta ya ce salon ya dace ne da ayyukan wasa na ƙarshen mako. Gaskiya ne kayan aiki irin su Cursor da GitHub Copilot sun karya darajar shafin talla da fom ɗin rajista, abin da ake saye da dala jiya yau ana samunsa cikin minti goma. Amma na'urar takan rubuta hanyar da komai ya tafi daidai ne, sai an tuna mata da saƙon da ya zo sau biyu da katin da ya ƙi, wanda bai san da su ba kuwa ba zai tuna mata ba. Shi ya sa masu harsashi da yawa suka sauya talla, suna cewa a ɗora na'urar a kan ginin da aka riga aka gwada. Hujjar tana da ƙarfi, muddin da gaske an gwada.

Duk da haka, ba rashin saurin gini ke kashe yawancin waɗannan kamfanoni ba. Da kamfanin bincike na CB Insights ya bi bayanan sabbin kamfanoni 101 da suka mutu, dalilin da ya zo kan gaba, a kashi 42 cikin ɗari, shi ne babu mai buƙatar abin da suka gina. Pieter Levels ɗan ƙasar Holan, wanda a 2014 ya ɗaukar wa kansa fitar da sabon aiki kowane wata na shekara guda kuma shafinsa na Nomad List ya fito daga ciki, har yau da tsohon PHP da jQuery yake gini, kayan da 'yan gayun fagen ke yi wa dariya. Su kansu 'yan gidan Collison, a farkon Stripe, idan mutum ya nuna sha'awa ba sa cewa za su turo masa bayani, karɓar kwamfutarsa suke su haɗa masa a wurin. Harsashi yana rage wata biyu zuwa mako guda, amma ba ya shiga ofishin hedimasta, ba ya jiran mai makaranta ya idar da salla a yi magana. Wani lokaci ma cutarwa yake, don yana ba mutum jin cewa ya yi nisa, ga shafi mai kyau ga maɓallin biya, alhali bai taɓa zama da kwastoma ko ɗaya ba.

Wanda ya fi cin moriyarsa shi ne ƙwararren da ya riga ya iya harshen da aka rubuta shi, ya taɓa gina irin wannan da hannunsa, yana iya karanta kod ɗin ya gane inda aka yi ha'inci, kuma kwastomominsa masu kati ne a ƙasashen da Stripe ke aiki. Irin wannan dala 200 ba komai ba ce a kan makonnin da zai tsira da su. Shi ma ya duba ranar gyara na ƙarshe, ya duba ko akwai gwaje-gwaje a ciki, ya karanta lasisi don wasu na aiki ɗaya ne kacal, ya kuma sani cewa da yawa ba sa mayar da kuɗi da zarar an buɗe ma'ajiya. Stripe yana da katin gwaji mai lamba 4000 0000 0000 0341, wanda ke karɓuwa lafiya a rajista amma ya ƙi a ranar cira. Mai sayarwar da ya kasa bayyana abin da harsashinsa ke yi da wannan kati, a bar masa kayansa.

Ɗan koyon da zai sayar wa makarantu da kantunan magani da 'yan kasuwar gida kuwa, ya fara da na kyauta a harshen da ya iya, ya zauna ya rubuta ɓangaren Paystack ko takwaransa Flutterwave da hannunsa har ya fahimci kowane layi. Naira 300,000 ɗin ya riƙe ta don data da kuɗin mota, ya je ya samo makarantu uku da za su yarda su gwada a zango mai zuwa.